Birnin da bai taɓa ɓacewa ba

Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san tambayar: wa ya gano Kogin Neja? Amsar da ake so ita ce Mungo Park, kamar masuntan da ya tarar a bakin ruwan a 1796 makafi ne. Irin wannan ciwon ne ke damun littafin Hiram Bingham, Lost City of the Incas, wanda ya fito a 1948.

Gaskiya Bingham ya iya ba da labari. Yadda ya kwatanta fitarsa daga Kusko, tsohuwar hedikwatar daular Inka a Peru, da gangarawa kwarin Urubamba, da hawan tsauni ranar 24 ga Yuli, 1911, zai sa mai karatu ya ji numfashinsa na sarƙewa. Matsalar tana cikin sunan littafin. Machu Picchu, wanda aka gina wajen 1450 zamanin Sarki Pachacuti, a wurin wa ya ɓace? Wani manomi ne, Melchor Arteaga, ya yi masa jagora. A saman ya tarar da iyalai suna noma a kan tsoffin matakalan dutsen. A jikin wani bango kuma akwai sunan Agustín Lizárraga da shekarar 1902, wato an riga shi da shekara tara.

Hasashensa ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Ya dage cewa nan ne Vilcabamba, mafakar sarakunan Inka ta ƙarshe bayan zuwan Sifaniyawa. Daga baya masana suka tabbatar cewa tana Espíritu Pampa, wurin da shi kansa ya ziyarta ya raina.

Wannan ba tsohon zance ba ne. Matafiyan yau suna kwana huɗu a tsohuwar hanyar Inka, suna ƙetare mashigar da ta haura mita 4,200, yayin da 'yan dako masu jin Kecuwa ke ɗauke da tantuna da tukwane, su riga kowa isa su ɗora girki. A hotunan Instagram, kamar a littafin Bingham, da wuya ka ji sunansu.

A karanta littafin, ya cancanta. Amma a riƙa lura da wanda ke tafe a gaba yana sare ciyawa. Marubutanmu masu rubuta labarin tafiya su ma su tambayi kansu: wa ya nuna mini hanya, kuma na rubuta sunansa?