Inda aka yanka, nan gwaninta take

Mai firintar 3D a Kazaure ko Roni ba shi da zaɓi, dole ya rarraba siffarsa gunduwa-gunduwa kafin ya buga. Ƙananan firintocin da aljihun ɗalibi zai iya ɗauka, irin su Ender 3, ba sa fitar da abin da ya wuce santimita 22 a faɗi da 25 a tsayi. Ga kuma wuta. Ka sa aikin da zai ci yini da kwana, a ɗauke wuta yana tsakiya, ka yi asarar zaren roba da lokaci, ko aikin ya ci gaba da tabo a jikinsa. Idan guntu shida ne, ɗaya kawai za ka sake.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yankan. Tunda manhajoji irin su PrusaSlicer suka zo da wuƙarsu da ke raba siffa ta kuma yi mata fegi da rami da kanta, matasa da yawa sun sakar mata aikin. A ja layi miƙaƙƙe a tsakiya, a buga, a liƙa da gam, sannan a kwana ana goga samfefa, amma tabon yana nan ya ratsa fuskar aikin.

Ɗauki ƙaramin samfurin ƙofar fada mai zankaye da dagi a goshi. Mai hankali ba zai taɓa bi ta kan dagin ba. Zai cire shi ɗungurungum, ya kwantar da shi a bayansa ya buga, zanen na kallon sama, ba ya buƙatar matokari. Zankayen kuma a tsinke su daidai inda suka zauna kan rawanin ginin, domin can ido ya riga ya saba ganin gaɓa. Akwai wani sirri kuma: firinta hawa-hawa take zuba roba, kuma tsakanin hawa da hawa nan ne rauni yake. Zanko siriri da aka buga a tsaye, yaro na taɓa shi zai ɓalle. A tsaga shi biyu a tsawonsa, a buga a kwance, sai ya yi ƙwari. Ramin fegi a ba shi sarari kamar milimita 0.2, in ba haka ba sai an sa guduma. Robar PLA kuwa tana fara laushi a wajen digiri 60, don haka guntun da aka manta a mota da ranar Afrilu ba zai sake shiga ɗan'uwansa ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Maƙerin kakaki gaɓa-gaɓa yake ƙera shi, a harhaɗa lokacin busa, a kwance a ajiye, kuma mahaɗar ba ta taɓa ɓata masa kyau ba.

Yankinmu na da inda za a koyar da wannan: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ina so in ga malami ya hana ɗalibi taɓa maɓallin yanka sai ya zana mahaɗunsa a takarda, ya faɗi dalilin kowace ɗaya. A kuma daina ba su dodannin fim da aka sauko da su daga intanet a yanke. A tura su Gwiwa su auno rumbu da tukunyar ƙasa, su dawo su raba da kansu.