Gidan Ennis: Jinjina ga Wanda Ya Ceto Shi

A kan wani tudu a unguwar Los Feliz ta birnin Los Angeles akwai wani gida da idan ka hango shi daga ƙasa za ka rantse fadar sarakunan Maya ce aka ɗauko daga dazukan Meziko aka dire a Kalifoniya. Gidan Ennis ke nan, aikin Frank Lloyd Wright, gwanin zanen gine-ginen da Amurka ba ta taɓa haifar kamarsa ba. An gina shi a 1924. Ni dai ban taɓa ganin gidan da ya shiga raina kamar wannan ba, kuma gyaran da attajirin nan Ron Burkle ya yi masa bayan ya saye shi a 2011 ya isa a tsaya a yaba shi da babbar murya.

Sai mutum ya san bulon gidan kafin ya gane girman aikin. Bulo sama da 27,000 aka jera, kowane inci 16 tsawo, inci 16 faɗi. An buga su ne ɗaya bayan ɗaya da hannu, a cikin mazubi, a nan wurin aikin. Wasu fuskarsu a shafe take sumul, wasu kuma ɗauke da wani zane na kusurwoyi masu shiga cikin juna, layi ya lanƙwasa ya shige, ya sake lanƙwasawa ya fito. A gefen kowane bulo akwai kwarmi, nan ake zura siririn rodi a tsaye da a kwance, a cika da siminti, sai bango ya zama kamar saƙa. Da safe rana tana bugun zanen daga gabas, inuwa ta kwanta a cikin kwarminsa. Da la'asar inuwar ta koma ɗaya gefen, sai ka ga kamar an sauya bangon gaba ɗaya. Zane guda ɗaya tak, an maimaita shi dubbai, amma ido ba ya ƙoshi! Wannan ita ce baiwar Wright: ya ɗauki bulon siminti, abin da kowa ke rainawa, ya ɗaga darajarsa har ya zama kayan ado.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsakuwar da aka cakuɗa a simintin. Wright ya ce a yi amfani da ruɓaɓɓen dutsen tudun da gidan zai zauna a kai, domin launin bango ya zama launin ƙasar wurin. Duk wanda ya ga maginin gargajiya yana haƙo ƙasa a kududdufin bayan gida yana murza tubali, ya san wannan tunanin: gida ya fito daga ƙasarsa. Shi ya sa gidan Ennis ba ya kama da abin da aka kawo daga wani wuri. Kamar tudun ne ya yi tsiro.

Cikin gidan kuwa sai wanda ya gani. Doguwar baranda mai jerin ginshiƙai ta ratsa shi, tana haɗa ɗakin cin abinci mai tsawon rufi da falo da ɗakunan kwana. Tagogin gilashi ne masu zane da aka ɗaure da dalma, kuma a saman murhun falo akwai adon gutsattsarin gilashi mai siffar furanni masu lilo, irin aikin da Wright ya yi a gidaje ƙalilan. Daga babbar tagar kusurwa kana ganin Los Angeles a shimfiɗe a ƙarƙashinka. Ba mamaki masu shirya fim suka maƙale masa. An nuna shi a House on Haunted Hill a 1959, kuma ɗakin Deckard, jarumin fim ɗin Blade Runner na 1982, da zanen bulonsa aka ƙawata shi. Miliyoyin mutane sun san bangon nan ba tare da sun san sunansa ba.

To amma kyan nan ya zo da ciwonsa tun ranar farko. Charles Ennis, mai kantin tufafin maza, da matarsa Mabel sun saɓa da Wright tun ana cikin gini, har suka karɓe aikin daga hannun ɗansa Lloyd Wright, wanda ke kula da shi, suka ƙarasa yadda suke so. Tsakuwar tudun da ta ba bango launinsa ita ce kuma ta raunana simintin. Ruwa ya riƙa shiga, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya riƙa fasa bulo daga ciki. Daga baya aka shafa wa bangon wani maganin hana ruwa, sai ya kulle damshin a ciki, abin ya ƙara lalacewa. Girgizar ƙasar Northridge ta 1994 ta tsattsage katangar da ke tallafe da gidan ta kudu. Sai kuma mamakon ruwan sama na 2005 ya zo ya ƙarasa, har hukumar birni ta ce kada kowa ya shiga. A shekarar ce aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi 11 mafi fuskantar haɗari a Amurka. Hotunan lokacin suna sosa rai: bulo ya zube a gangare, rodi a waje tsirara.

Gidauniyar da ke riƙe da gidan ta yi iya ƙoƙarinta, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Da tallafin gwamnatin tarayya da rancen banki aka kashe sama da dala miliyan 6 aka tokare shi, aka gama a 2007. Wanda ya tsaya wa rancen nan kuwa Burkle ne, tun gidan bai zama nasa ba. Amma tokarewa daban, warkarwa daban, kuma aljihun gidauniya ya ƙare. A 2009 aka sa shi a kasuwa kan dala miliyan 15.

Lokacin ya zo a baibai. Kasuwar gidaje ta Amurka ta durƙushe a 2008, kuma kudancin Kalifoniya na cikin wuraren da suka fi jin jiki. Dillalai suka yi ta jira, ba mai tayawa. Aka rage kusan rabi, shiru. Aka sauko kusa da miliyan 6. A watan Yuli na 2011 Burkle ya saye shi kan ɗan ƙasa da dala miliyan 4.5.

Wani zai ce ai ya tsinci dami a kala. Tsaya ka ji sauran. Burkle, wanda ya tara dukiyarsa a harkar manyan kantunan kayan abinci, ya narkar da kusan dala miliyan 17 a gyaran gidan cikin 'yan shekaru. An sauya bulo wajen 4,000, kowane an buga shi da zanen asali, an daidaita launinsa da na tsofaffin da ke kewaye da shi. Ka yi tunanin haƙurin da wannan ke bukata: a zare ruɓaɓɓen bulo daga tsakiyar bangon da aka saƙa da rodi, ba tare da an girgiza maƙwabtansa ba, a zura sabo ya zauna daram. An yi sabon rufi, an gyara tagogin gilashin, an farfaɗo da katako da daɓe. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne bai yi wa gidan kwalliyar zamani ba. Attajirai nawa ne za su sami irin wannan wuri su hana hannunsu ƙaiƙayi? Shi ya bar Wright ya ci gaba da magana a cikin gidansa.

A 2018 ya sa shi kasuwa kan dala miliyan 23, a 2019 aka saya kan miliyan 18. A lokacin ba a taɓa sayar da gidan Wright da tsada haka ba. Wanda ke riƙe da kambun a da shi ne gidan Storer, ɗan'uwansa na bulo a Hollywood, da aka sayar kan miliyan 6.8 a 2015. Amma haɗa lissafin da kanka: 4.5 da 17 sun kama 21.5. Mutumin ya fita da giɓin kusan dala miliyan 3.5, ban da haraji da kuɗin kula da gida na shekara takwas. Ɗan kasuwar da ya san riba kamar yunwar cikinsa ya shiga wannan da idonsa biyu. Ni wannan giɓin shi ne abin da na fi ƙauna a duk labarin, domin shi ne kuɗin da aka biya don gidan ya rayu.

Kuma ko wannan ma albarkacin Los Angeles ne. Daga 2012 farashin gidaje a birnin ya yi ta hawa shekara bayan shekara, kuma birni ne da ke cike da masu kuɗin fim da waƙa da ke neman gidan da ba kowa ke da irinsa ba. Da gidan Ennis a wani ƙaramin gari yake, da miliyan 17 ɗin nan sun nutse ba ko alama. Wright ya bar gidaje da dama a ƙananan garuruwan Michigan da Ohio da Iowa da Wisconsin, kuma an sha sayar da irinsu ƙasa da dala miliyan ɗaya, kuɗin da a Los Angeles gida na gama-gari kawai zai saya maka. Amma yoyon rufi bai san farashin unguwa ba. Kafinta da magini da mai gyaran gilashi kuɗinsu kusan ɗaya ne ko'ina. Don haka ma'auratan da suka sayi ƙaramin gidan Wright a can suka zuba tattalinsu a ciki, sun san ba za su taɓa mayar da shi ba, su ma ina cire musu hula.

Tsadar wuri kuma takobi ce mai kaifi biyu. A Phoenix ta jihar Arizona, gidan da Wright ya zana wa ɗansa David, wanda aka kammala a 1952, mai zagaye kamar naɗin maciji a kan ginshiƙai, saura ƙiris ya tafi. A 2012 masu gina gidajen sayarwa suka saye shi kan dala miliyan 1.8 da niyyar rushewa su raba filin, saboda a wurinsu filin ya fi ginin daraja. Jama'a suka yi ca, aka sami mai saye ya fanshe shi, kuma a 2020 ya sake canza hannu kan miliyan 7.25. Allah Ya kiyaye, da yanzu sai dai a hoto.

Wright ya taɓa rubuta wa iyalan Ennis cewa gidansu zai yi shekara ɗari ko fiye a kan tudun, kuma masu son kyau za su riƙa zuwa ziyararsa. A 2005 maganar ta yi kama da cika baki. A 2024 gidan ya cika shekara 100 cif, yana tsaye garau, kuma sharaɗin da aka ɗaura wa duk mai mallakarsa tun cinikin 2011 ya ce a buɗe wa jama'a ƙofa aƙalla kwana 12 a shekara. Masha Allah!

Gidajen bulon nan huɗu ne Wright ya yi a yankin: Millard a Pasadena, sai Storer, da Freeman, da Ennis. Na Freeman ne ke damuna yanzu. Shi ma girgizar 1994 ta ji masa ciwo, ya daɗe a hannun Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma a 2022 aka sayar da shi kan dala miliyan 1.8 kacal, saboda kowa ya san aikin da ke jiran mai saye. Bulonsa ma irin ciwon Ennis yake fama da shi, kuma yanzu an ga yadda ake maganinsa. Ina fata da dukan zuciyata a yi masa irin abin da aka yi wa ɗan'uwansa.