Tabo a gaban kamara: fim ɗin Zinder magani ne ko kallo?

Mu shida muka taru a kan kwamfuta guda muka kalli Zinder, fim ɗin da Aïcha Macky ta fitar a 2021. Da ya ƙare, wani abokinmu mai karatun halayyar ɗan Adam ya ce wannan ai magani ne, wai matar ta warkar da mutanen nan da kamararta. Ni ban yarda ba. Tun ranar muke musu, shi ya sa na ce bari in rubuta nawa, shi ma in ya so ya kawo nashi a fitowa ta gaba.

Ga wanda bai gani ba, fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan samarin fale-falen Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana tura kutare da waɗanda gari ya ƙi a Damagaram. Akwai Siniya Boy da ƴan ɗaga ƙarfensa masu kiran gungunsu da sunan Hitler, akwai Ramsess mai fasa-ƙwaurin mai, akwai kuma Bawo, tsohon shugaban fale da ya tuba ya koma neman abincinsa, amma abin da ya aikata bai sake shi ba. Macky ƴar garin ce, kuma ana jin haka. Ba ta yi musu kallon baƙo ba, ba ta kuma wanke su ba.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne inda ba a magana. Kamara takan tsaya a kan tabon sara a jikin mutum, ta daɗe, har ka ji kamar ka kau da ido. Mu masu karatun harshe mun saba ɗauka cewa komai sai ya bi ta baki. To ga fata tana ba da labari, babu fi'ili babu suna. A nan na yarda da abokina rabi, domin tushen jinya ta hanyar fasaha ke nan: akwai ciwon da baki ba ya iya ɗauka, sai hannu ko jiki. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa wa abin suna a 1942, bayan ya ga yadda zane ya taimake shi lokacin da yake kwance da tarin fuka.

Amma a lura, Hill da hannunsa ya yi zanen. A irin wannan jinya mai ciwon ne ke riƙe da alƙalami, shi ke cewa yau iya nan zan tsaya, in ya ga dama ya yage takardar. A fim kuwa wa ke riƙe da almakashi? Mai shiryawa. Ita ke zaɓar abin da zai fita, daga nan kuma ya tafi har Suwizalan a kalle shi a biki. Wanda ya buɗe cikinsa ba shi da sauran ikon cewa a mayar masa.

Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta Amurka ta bayyana a 1992 cewa wanda aka daɗe ana gallaza wa, ba shi da hanyar gudu, ciwonsa daban yake da na wanda ya gamu da hatsari sau ɗaya. Yakan daina yarda da mutane, ya tsani kansa, ransa ya riƙa tashi ba ya iya danne shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Herman ta ce matakin farko shi ne mutum ya samu tsaro, sannan ya tuna ya yi makoki, sannan ya koma cikin jama'a. To wane tsaro ɗan Kara-Kara ya samu, shi da zai kwana a inda ya kwana jiya? Sannan lokacin da Bawo yake faɗin abin da suka yi wa mata, ni dai hankalina ya tafi ga wadda aka yi wa, in ta zo ta kalla. Shi wataƙila ya sauke kaya. A kan wa ya sauke?

Abin da ya sa na kafe haka, ni ɗan Matamaye ne. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankinmu na Kance. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Gwamnati ta sa makokin kwana 3, shi ke nan. Ina yaro lokacin, amma na san gidajen da har yau ba a tayar da zancen. Kuma tafiyar ba ta tsaya ba, ana zuwa bara, ana koro mutane, ana komawa. Wannan shi ne ciwo mai maimaita kansa da Herman take nufi.

Me muke ce wa waɗannan mata? Haƙuri. Kalmar tana da daɗi, amma sau tari ma'anarta a yi shiru. In ka so fassara ciwon da Hausa ma sai ka rasa. Ka ce taɓin hankali, kowa ya watse, domin hauka aka ji. Alhali muna da namu: abu ya tsaya mini a rai, abu yana cina, zuciyata ta yi baƙi. Duk suna nuna wani abu ne da ya shiga ya ƙi fita.

Kuma ba na jin mafita ita ce a miƙa wa dattijuwa fensir mai launi a ce ta zana baƙin cikinta, za ta ce an mai da ita ƴar lakkwal. Fasahar da ta sani tana wurin daka da niƙa. A can mace take rera abin da ba ta isa ta faɗa wa miji ko uwar miji ba, cikin habaici, jiki na aiki, ƴan uwa na amsawa. Ita ta zaɓi kalmar, ita ta san inda za ta tsaya, kuma in aka tambaye ta sai ta ce ai waƙa ce kawai. Wannan ƙofar gudu ita ce kamara ba ta bayarwa.

Ku nemi Zinder ku kalla, ya cancanta, kuma ku saurari Hausar bakinsu, kada ku bi rubutun Faransancin da ke ƙasa. Da na je gida hutu na tambayi innata ko har yanzu ana waƙar niƙa. Ta yi dariya ta ce dutsenta yana bayan ɗaki kaji na hawa, hatsi kuma yara take ba su kai inji.