Aron Kalma Tsakanin Harsuna: Rauni ne ko Ƙarfi?

Masu kishin Hausa da dama na ɗaukar aron kalma a matsayin rauni, alhali tarihin harsuna bai goyi bayan wannan zargi ba. Kalmar serio, mai nufin abin da ba wasa a cikinsa, ta samo asali ne daga serius na harshen Latin. Italiyanci da Sifaniyanci suna amfani da ita, mutanen Poland sun karɓe ta, Esperanto kuma, harshen da L. L. Zamenhof ya fitar a Warsaw a 1887, yana da serioza. Ba wanda ya ce ɗaya daga cikin waɗannan harsuna ya talauce saboda haka. Kalmar da harsuna suka yi tarayya a kanta shaida ce ta hanyar da malamai da fatake suka bi.

Tashar motar Jabi da ke Abuja ta isa hujja. Tun da aka mayar da fadar gwamnati Abuja a 1991, wannan yanki na ƙasar Gbagyi ya zama mahaɗar Bahaushe da Bayarabe da Banufe da Ibo, kuma cinikinsu na tafiya ne kan kalmomin da kowa ya sani. Lafiya ta fito daga Larabci, Yarbawa na cewa alaafia, Sawahili na cewa afya. Albasa ita ce alubosa a bakin Bayarabe. Wahala ta shige Yarabanci da Buroka har ta zama ta kowa. Masanin harshe Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su kasuwa da rubutu ta hannun Barebari suka iso mana. Esperanto mutum ɗaya ne ya tsara shi a kan takarda, shi ya sa har yau bai zama harshen wata kasuwa ba. Tarayyar da ake ji a Jabi kuwa bukata ce ta haife ta.

Mai suka zai ce wannan hujja na halasta Ingausa, inda matashi ke zubo rabin jimla da Turanci. Damuwarsa na da tushe, sai dai ya haɗa abubuwa biyu mabambanta. Kalmar aro ta gaskiya tana bin dokar gidan da ta sauka: mota ta samu jinsin mace da jam'i, motoci, direba ya zama direbobi, kamar yadda littafi ya zama littattafai tun ƙarnoni da suka wuce. Ingausa kuwa na shigo da jimla da gininta na waje, tana ture kalmar da Hausa ke da ita.

Don haka ma'aunin da ya kamata marubuta da gidajen rediyo su riƙe shi ne ko nahawun Hausa ya sarrafa kalmar, kuma ko ta cike wani gurbi. Idan ta cika sharuɗɗan nan biyu, tambayar asalinta aikin masu ƙamus ne kawai.