Waƙa Mai Siffar Zi: Me Za Ta Yi wa Yaron Karshi?

A 1969 wata malama Ba'amurkiya mai suna Iris Tiedt ta fito da wani salon waƙa don 'yan firamare, ta sa masa suna diamante. Layi bakwai ne, kalma 16 kacal. Layin farko suna ɗaya, na biyu sifa biyu, na uku kalmomin aiki uku, na huɗu sunaye huɗu, daga nan sai a riƙa ragewa har a sauka kan suna ɗaya wanda yake kishiyar na farko. In aka jera su a tsakiyar takarda sai su fito da siffar zi ta karta, ko irin zanen nan mai kusurwa huɗu da ake gani a jikin tabarma. Malamin Turanci da ya shiga intanet neman dabarun koyar da waƙa da wuya ya fita bai ci karo da ita ba.

Karshi ce ta sa na zauna ina nazarinta. Garin Gwandara ne a ƙarshen hanyar da ta ratsa Karu da Jikwoyi da Orozo, kuma Abuja ta turo masa mutane daga ko'ina. A aji ɗaya za ka tarar da mai Gwandara a gida, da mai Gbagyi, da mai Hausa, kuma da yawansu da Hausa suke wasa a waje. Yaron da yake tsakanin harsuna uku, in ka ce masa ya rubuta waƙa, sai ya zuba wa takarda ido. In ka ce masa ya kawo kalma biyu da suka dace da rani, nan take hannu zai tashi. Amfanin salon ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Sai dai an ɗinka rigar ne daidai jikin Turanci. Turanci yana da tarin sifofi masu kalma ɗaya. Hausa kuwa sifofinta na asali kaɗan ne, irin su fari, baƙi, dogo, ƙarami, sabo. Sauran da mai da marar muke gina su. Yaro ya ce mai zafi, kalma ta zama biyu, siffar ta karkace. Malamin da ya nace sai an bi ƙa'idar yadda ta zo zai tura yara ga ƙirƙiro Hausar da ba a faɗa. Alhali muna da abin da ya fi: amsa-kama. Fat, ƙirin, wur, shar, tsit. Yaro ɗan shekara bakwai ya san su tun kafin ya san baƙaƙe, kuma su ne suke sa kalma ta yi motsi. Ga wadda na gwada:

Rani
busasshe ƙayau
ƙonewa, tsagewa, ƙafewa
ƙura, ƙishi, hadari, tsawa
shukawa, tsirowa, yaɗuwa
koriya shar
Damina

Layin tsakiya shi ne zuciyarta. Kalma biyu na rani, biyu na damina, a nan yaro yake koyon juya magana daga abu zuwa kishiyarsa. Ya kuma gane da kansa cewa rani namiji ne, damina mace, tunda busasshe ya ce a sama, koriya a ƙasa. Nahawu ya shiga ba tare da bulala ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauka cewa waƙa ke nan. Wannan salo don ido aka yi shi, ba shi da kari, ba shi da amsa-amo, ba ya reruwa. Waƙar Hausa kuwa, ko rubutacciya ce, ta kunne ce. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma ya bar mana Imfiraji, kuma ta bakin masu rerawa ta shiga gidaje. Tsarin da muka gada ƙidayar ɗango ne a baiti: gwauruwa, ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Akwai tahamisi, inda mawaƙi yake ƙara ɗango uku a kan biyun wani, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabbat Haƙiƙa. Wasa da rubutu ma ba baƙo ba ne a wurinmu: a 1822 Nana Asma'u ta tsara waƙar Fulatanci wadda haruffan farkon layukanta suke haɗa wata aya ta Alƙur'ani. Yaron da ya ga zayyana a allon sauka ya riga ya san rubutu yana iya zama ado.

Saboda haka ni a ganina zi ɗin rumbu ne na tara kalmomi. Ranar Litinin yara su cika shi a kan allo, kowa ya jefa tasa, har mai Gwandara ya faɗi yadda ake kiran hadari a gidansu. Ranar Talata a ɗebo daga cikin kalmomin a gina baiti ɗaya na ƙwar biyu, a ga ƙonewa da tsagewa sun riga sun ba da amsa-amo. Sai a tafa, a rera, wanda ɗangonsa ya yi tsawo ya ji da kunnensa inda ya yi tuntuɓe, ya koma ya rage gaɓa ɗaya.