Tallan Kyauta a Gidan da Ba Ya Talla: Tsokaci a kan BBC da Dandalin Gwanjo na eBay

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi nazarin wani ɓangare na aikin gidajen watsa labarai na jama'a wanda masu sharhi ba su faye kula da shi ba. Galibi idan aka ta da maganar adalcin gidan rediyo ko na talabijin, hankali yakan koma ga siyasa, watau ko an ba masu mulki da masu adawa dama daidai wa daida. Mu a nan kasuwa za mu duba. Za mu ɗauki BBC ta ƙasar Ingila da kuma eBay, dandalin gwanjo na intanet wanda ya daɗe yana mamaye da wannan sana'a a can, mu ga yadda gidan da ƙa'idar kafuwarsa ta hana shi talla yakan wayi gari yana yi wa babban kamfani talla ba tare da an biya shi ko anini ba. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ma'aunin da BBC take auna adalcinta da shi yana duban kowane shiri ne shi kaɗai, alhali kuwa fifikon da ake ƙorafi a kansa taruwa yake yi a hankali cikin dubban shirye-shirye.

2.0 Asalin Ƙa'idar Hana Talla

An kafa BBC a shekarar 1922 a matsayin kamfani, sa'an nan a 1927 aka mayar da ita hukuma bisa takardar izini ta gidan sarautar Ingila, a ƙarƙashin shugabancin John Reith. Tun daga lokacin, shirye-shiryenta na cikin gida ba su dogara da kuɗin talla ba. Abin da ke ɗaukar nauyinsu shi ne kuɗin lasin da gidaje ke biya kowace shekara, wanda a 2025 ya kai Fam 174.50. Hikimar wannan tsari a fili take. Tun da yake kowa ne ke biya, attajiri da talaka, babban ɗan kasuwa da ƙaramin ɗan tireda, bai kamata gidan ya jingina ga wani ya bar wani ba. Saboda haka ne ƙa'idojin aikin BBC suka hana a ba wani kaya ko kamfani fifikon da ya wuce kima, suka kuma ce kada a ambaci sunan haja sai in labarin da ake bayarwa yana bukatar hakan. Daga shekarar 2017 hukumar Ofcom ce take sa ido a kan BBC daga waje.

A zamanin da, an riƙe wannan ƙa'ida da tsanani ƙwarai. A cikin shirin yara na Blue Peter, wanda aka fara a 1958, masu gabatarwa sukan kauce wa sunan kamfanin da ya yi salatif ko ledar da suke aiki da ita, sai su siffanta abin kurum. A shekarar 1970, sai da mawaƙin nan Ray Davies na ƙungiyar The Kinks ya taso daga Amurka zuwa Landan don ya sake rera wani wuri a waƙarsu mai suna Lola, domin a cire sunan Coca-Cola, in ba haka ba BBC ba za ta sa waƙar ba. Ko a 2011, da aka yarje wa tashoshin kasuwanci na Ingila su riƙa karɓar kuɗi suna cusa kayan kamfanoni cikin shirye-shirye, ba a yarje wa shirye-shiryen da kuɗin lasin ke ɗaukar nauyinsu ba. To, gidan da ya hana kalma ɗaya a cikin waƙa, yaya aka yi sunan wani dandali ya zama ɗan gida a bakin ma'aikatansa?

3.0 Halin Kasuwar Gwanjo

Kafin mu amsa wannan tambaya, ya kamata mu fahimci abin da ya bambanta dandalin gwanjo da sauran haja. Sabulu, alal misali, ingancinsa ba ya ƙaruwa don masu sayensa sun yi yawa. Kasuwa kuwa jama'a ce darajarta. Mai sayarwa yakan kai kayansa inda masu tayi suka fi yawa, domin a nan ne farashi zai hau, mai saye kuma yakan nufi inda kaya suka fi yawa. Kowane sabon mai zuwa yana ƙara wa wurin daraja a idon wanda bai zo ba tukuna. Idan kasuwa ɗaya ta fara rinjaye, sai ta yi ta janye mutanen maƙwabtanta har su daina ci.

Tarihin wannan sana'a ya nuna haka. Pierre Omidyar ya buɗe dandalinsa a Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1995 da sunan AuctionWeb, aka sake masa suna eBay a 1997, ya kuma shiga Ingila a 1999. A can ya tarar da QXL, dandalin gida wanda aka kafa a 1997. Kamfanin Yahoo ma yana da nasa dandalin, amma a 2002 ya rufe shi a Ingila da wasu ƙasashen Turai, ya nuna wa mutanensa hanyar eBay. QXL kuma ya rufe reshensa na Ingila a 2008. Abin lura shi ne, a ƙasashen da wani ya riga eBay tara jama'a, shi ma bai kai labari ba: ya fice daga Japan a 2002 saboda Yahoo ya riga shi kafuwa, haka nan Allegro ne ya yi rinjaye a Folan. Ke nan a wannan fage sanin suna da taruwar jama'a su ne jari. Duk wanda ya maimaita sunan dandali a kunnen miliyoyin mutane ya zuba masa jari, ko ya yi nufin haka ko bai yi ba.

4.0 Ire-iren Ambato

Za mu iya kasa ambaton da ake yi wa irin wannan dandali gida uku, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Kashi na farko shi ne inda kamfanin da kansa ne labarin. A shekarar 2005, lokacin da aka raba tikitin bikin waƙoƙi na Live 8 kyauta, wasu suka kai nasu eBay suna neman kuɗi, Bob Geldof ya fito ya yi Allah wadai, har kamfanin ya janye tikitocin. A 2008 wata kotun Faris ta ci eBay tarar kusan Yuro miliyan 40 a ƙarar da kamfanin LVMH ya shigar a kan kayan jabu, ko da yake an rage tarar bayan ɗaukaka ƙara. A 2011 kuma kotun Tarayyar Turai ta yi hukunci a shari'ar L'Oréal da eBay game da alhakin da ke wuyan mai dandali. A irin waɗannan labarai faɗin suna wajibi ne, ɓoye shi ne ma zai zama cin amanar mai sauraro.

Kashi na biyu shi ne labaran ban mamaki da ake rufe shiri da su don a sa mutane murmushi. A 2004 an sayar da wani gasasshen burodi mai cuku a kan Dala 28,000, saboda mai shi ta ce akwai siffar Maryamu a jikinsa, kuma wani gidan caca na intanet ne ya saya don neman suna. A 2011 hular da Gimbiya Beatrice ta sa a bikin auren Yarima William ta yi Fam 81,100, aka ba ƙungiyoyin taimakon yara kuɗin. BBC, kamar sauran kafofi, ta ba da waɗannan labarai da sunan dandalin a cikinsu. A nan ne muke ganin matsala ta fara. Abin mamakin shi ne kayan da kuma kuɗin, dandalin kuwa wurin cinikin ne kurum. Amma saƙon da ke zama a zuciyar mai sauraro shi ne, ga wani wuri inda tarkacen ɗaki ke zama dukiya. Babu ɗan talla da zai iya tsara saƙon da ya fi wannan, balle kuma a ce ya fito daga bakin gidan da aka yarda da shi. Har wa yau, irin waɗannan labarai suna da wani aibu. A kafofin Ingila an sha yayata tsabar kuɗin nan ta fani 50 mai hoton lambun Kew, wadda aka buga guda 210,000 kacal a 2009, da makamantanta, ana kafa hujja da farashin da aka gani a dandali. Sau da yawa farashin nan abin da mai kaya ya yanka ne, ba abin da aka sallama a kai ba. Duk wanda ya san kasuwa ya san akwai tazara tsakanin kuɗin da aka sa wa kaya da kuɗin da aka biya.

Kashi na uku shi ne mafi wuyar kamawa, watau inda sunan kamfani ya maye gurbin sunan sana'ar. Mai gabatar da shiri zai ce wa baƙonsa ya kai abu kaza eBay, alhali abin da yake nufi shi ne ya sayar da shi ta intanet. Mu Hausawa mun san wannan hali, domin kowane garin sabulu Omo muke ce masa, kowane ɗanɗanon miya kuma Magi. Bambancin shi ne, uwargida a ɗakin girki ba ta karɓi kuɗin jama'a bisa alkawarin tsayawa tsakani ba.

5.0 Hujjojin Masu Kariya

Masu kare BBC suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma adalci ne mu kawo su. Na farko, sukan ce aikin ɗan jarida shi ne ya siffanta duniya yadda take, in dandali ɗaya ne mutane ke zuwa, to faɗin hakan gaskiya ce. Na biyu, sukan ce BBC ba ta bar kamfanin ya sha ruwa ba, domin shirinta na Watchdog, mai kare haƙƙin masu saye, ya sha tona asirin 'yan damfara da ke fakewa a dandalolin intanet. Na uku, sukan nuna abin da ya faru a Faransa, inda a 2011 hukumar kula da watsa labarai ta hana tashoshi tura masu kallo zuwa Facebook da Twitter da sunayensu, tana mai dogaro da wata doka ta 1992 da ta hana tallan ɓoye, amma zuwa 2013 sai da ta sassauta, domin sunayen sun riga sun shiga bakin kowa.

Mun yarda da hujja ta farko a kan kashi na farko kurum. Game da sauran biyun, ɗan jaridan ba ɗan kallo ba ne, yana cikin masu gina rinjayen da yake cewa siffantawa yake yi. Hujja ta biyu ma tana da rauni, domin sukar kamfani yau da yaba shi gobe daidaito ne tsakanin kamfanin da masu ƙorafi a kansa, wanda aka bari a baya shi ne ƙaramin abokin gasa, irin su eBid, wanda ba a yabe shi ba, ba a kuma soke shi ba, don ba a ambace shi ba sam. Misalin Faransa kuwa abin da ya koyar shi ne hani na bai ɗaya ba ya aiki, bai nuna cewa damuwar ba ta da tushe ba.

Ba mu cewa BBC ce ta kashe QXL, ko ita ce ta kori Yahoo daga fagen gwanjo. Jari da fasaha da tsarin biyan kuɗi, musamman bayan eBay ya sayi PayPal a 2002, sun fi taka rawa. Amma wanda yake so ya san darajar ambato, sai ya dubi shekarar 2022, lokacin da eBay ya shiga yarjejeniyar kasuwanci da shirin Love Island na tashar ITV don a riƙa nuna tufafin gwanjo daga dandalinsa. Abin da kamfani ke saye da kuɗinsa a wata tasha, kada a ce ba shi da daraja don an ba shi kyauta a wata.

6.0 Inda Ma'aunin Ya Gaza

Ƙa'idar fifikon da ya wuce kima an tsara ta ne don zamanin da ake gudun kada kwalbar lemo ta daɗe a gaban kyamara. Tambayar da take yi ita ce, a cikin wannan shiri, an yi ambaton fiye da bukata? Kowane edita yana iya amsawa da gaskiyarsa cewa sau ɗaya kawai aka faɗa, kuma da dalili. Sai dai BBC tana da tashoshin talabijin da na rediyo na ƙasa, da na yankuna kusan arba'in a Ingila, da shafin labarai na intanet da ke cikin waɗanda aka fi karantawa. Idan kowa ya faɗa sau ɗaya, da yayyafi kogi kan cika. Kuɗin ƙaramin ɗan kasuwa da ya biya lasin sai ya koma ƙara wa Barno dawaki.

Muna ba da shawara cewa a tilasta wa edita ya yi wa kansa tambaya guda kafin ya faɗi suna: in an cire sunan, labarin zai rasa wani abu da mai sauraro ke bukata? In zai rasa, a faɗa. In ba zai rasa ba, a ce dandalin gwanjo na intanet. A shirye-shiryen ba da shawara ga masu saye da sayarwa, a kawo dandali fiye da ɗaya tare da bayanin la'adar kowanne. Kada kuma a kawo farashi a labari sai an tabbatar an sallama a kansa. Bugu da ƙari, ya kamata gidan ya riƙa ƙidaya jimlar ambaton manyan kamfanoni a dukkan sassansa lokaci lokaci, kamar yadda ake lura da rabon lokacin jam'iyyu a kakar zaɓe.

7.0 Kammalawa

Rinjayen eBay a Ingila ya ragu idan aka kwatanta da shekarun 2000. Facebook ya buɗe tasa kasuwar a 2016, Vinted na ƙasar Lituweniya ya ja masu cinikin tsofaffin tufafi, kuma a 2024 eBay ya soke la'adar da yake karɓa daga ɗaiɗaikun masu sayarwa a Ingila a kan yawancin kaya. Amma matsalar tana nan, sunan mai cin moriyarta ne yake sauyawa. Masu sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, su ma sun saba jin ana gayyatarsu su bayyana ra'ayi a Facebook, kuma wannan gayyata ɗaya ce daga cikin irin ambaton da muka tattauna. Wa'adin takardar izinin BBC da ta fara aiki a 2017 zai cika a ƙarshen 2027. Muna ganin sabunta ta dama ce ta faɗaɗa ma'anar adalci, ta yadda za ta haɗa da 'yan kasuwar da ba a jin sunansu, tun da su ma suna cikin masu biyan kuɗin da ke riƙe da gidan.