Sujadar da Iblis Ya Nema

A wata ƙaramar majami'a a Tambuwal na ji mai wa'azi yana kiran ibada garkuwa, hujjarsa Matta sura ta 4. Da na koma ga nassin, sai na ga ya dakushe kaifin labarin. Bayan azumin kwana 40, Iblis bai hana Yesu ibada ba: a gwaji na biyu da Zabura ya kafa hujja, a na uku kuwa sujada ya nema, ladanta mulkokin duniya. Ashe a kan ibadar ake fafatawa. Kalmar “sujada” ta fi wa'azin nan zurfi, domin wanda ya tashi tsakanin Tambuwal da Kebbe ya san nauyin kai goshi ƙasa, ya kuma ga waɗanda kwaɗayi ya durƙusar a ƙofar masu mulki.